Majigin Bagirke da Kujerar Iya

Maƙwabciyata ta sayi keken ɗinki na ƙafa, irin na da, kuma kullum da la'asar idan ta hau shi sai ƙararsa ta ratso katanga ta same ni a tsakar gida. Jikokina ƙorafi suke yi, wai yana hana su jin waya. Ni kuwa ban taɓa cewa uffan ba, domin wannan tar-tar-tar ɗin ita ce ƙarar majigin gidanmu a Gagarawa Tasha, lokacin ina 'yar shekara tara ko goma. Da na ji ta sai warin tsohon bargo da na ƙwan fitila mai zafi su dawo mini a hanci, in hango kakata zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno, a karkace.

Na san za ka tambaya yadda aka yi majigi ya shigo gidan manoma. Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, ya yi shekaru yana yi wa wani farin mutum mai sayen gyaɗa kuku a bakin tasha. Mutanen gari Kwara suke ce masa, kamar yadda suke ce wa duk wani fari mai sikeli, amma Baba Tsoho ba ya barin wannan ta wuce. "Ba Kwara ba ne, Bagirke ne," haka zai ce, har da ɗaga yatsa. "Ƙasarsu daga dutse sai ruwa, ko ƙwayar gyaɗa ba ta yi." Da gyaɗa ta fara ja da baya, Bagirken ya tattara ya koma gida, ya bar wa kukunsa tukwanen ƙarfe biyu da wani baƙin akwati. A cikin akwatin akwai ɗan majigi wanda ake juyawa da hannu kamar injin taliya, da gwangwanaye uku masu faɗi, kowanne da fim a naɗe a ciki.

Fitilar majigin batirin mota take ci. Baffanmu, autan su babanmu, direban babbar mota ne tsakanin Gumel da Maigatari, shi ke sauke mana batir ran Juma'a ya ɗauke ran Asabar. Saboda haka kallonmu na Juma'a ne, bayan an sauko daga masallaci an ci abinci, kafin la'asar. Tsohon ɗakin ajiyar gyaɗa muke shiga, a cusa tsumma a 'yar tagarsa, a rataya bargo a ƙofa, rana tsaka ta koma duhu. Bango ɗaya kakata ta shafe shi da farar ƙasa da hannunta. Matan maƙwabta su shigo ta ƙofar baya da goyonsu, mu yara mu baje a ƙasa. Da bazara gumi har cikin kunne, amma ban taɓa ganin wanda ya tashi don zafi ba.

Finafinan ba su da murya, Baba Tsoho ne bakinsu. Yana cewa yana jin yaren Girkawa, duk da daga baya na gane abin da ya sani bai wuce sunan albasa da gishiri da "kawo shayi" ba. Amma wa zai ƙaryata shi? A bakinsa sarakunan Girka sallama suke yi wa juna, su tambayi gajiya da iyali da ruwan bana, kafin su zare takubba.

Gwangwanin farko na yaƙi ne. Ƙarti ne da hulunan ƙarfe masu geza a ka, da garkuwa zagayayya, suna gwabzawa a gindin wasu manyan ginshiƙan dutse, kowa da ɗan ɓante iya cinya. Duk ranar da aka sa shi sai kakata ta ce, "Duk ƙarfen nan sun samu, amma wando ya gagare su." Na biyu biki ne a wani ƙauye mai fararen gidaje a kan tudu, maza sun dafa kafaɗun juna suna rawa a jere, can sai su fara ɗaukar farantai suna fasawa a ƙasa. Nan ne ɗakin ke kacamewa da salati. Matan da kowacce ke goge kwanukan jerenta duk safiya, ga wasu suna ragargaza tangaran suna dariya. Baba Tsoho ya ce ai murna ce. Innarmu ta ce Allah ya raba ta da irin wannan murnar.

Na uku shi ne mafi gajarta. Wani saurayi ne da ƙunshin kayansa yana sauka ta matakalar dutse zuwa bakin teku, wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya tana bin sa. Ta miƙa masa burodi a ɗaure cikin ƙyalle, ta kama fuskarsa da hannu biyu ta sumbaci goshinsa. Ya shiga jirgin ruwa mai filafilai, jirgin ya yi ta nisa har ya zama ɗigo, ita kuma tana tsaye iska na kaɗa mayafinta. Nan fim ɗin yake ƙarewa. Ko Bagirken ya tafi da sauran, ko dama iyakar abin da yake da shi ke nan, babu wanda ya sani. Duk sanda tsohuwar ta kama fuskar yaron, kakata sai ta ja tsaki. "Ji rashin ta-ido," in ji ta. "Kuma daga gani ɗan fari ne."

Dole in tsaya a nan saboda 'yan zamani. Iya muke ce wa kakata, ita ta haifi babanmu, kuma shi ne ɗanta na fari. A gidaje irin namu uwa kunyar ɗan fari take yi har ta mutu. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. Tun yana ɗan yaye aka miƙa shi ga wata gwaggo ta raine shi. Idan Iya za ta ambace shi sai ta ce "wancan", ko "uban yaran nan". Baffanmu kuwa, auta, da gemunsa da komai sai ta kira shi da suna ta ajiye masa ƙanzo. Ni da nake da baki tun ina ƙarama na taɓa tambayarta ko tsintar babanmu ta yi a tasha. Ludayi ta jefo mini.

Babanmu ne mai juya majigin. Hannunsa a daidaice yake, mutanen bango su yi tafiya kamar mutane. Yana zama a bayan ɗaki kusa da ƙofa, hasken da ke tsiyayowa ta gefen injin yana haska masa fuska. Kuma yana da wata dabara da muke jira duk mako. Idan fim na uku ya zo ƙarshe, jirgi ya zama ɗigo, sai ya tsaya ɗan jim, sannan ya fara juyawa baya. Sai ka ga ɗigon yana girma, jirgi yana tahowa da baya-baya, saurayi ya fito ya mayar wa tsohuwa burodinta, su hau matakala tare suna tafiya da ƙeya. Mu yi ta ihu muna tafi. Baba Tsoho ba ya son wannan wasan, yana cewa za a tsinka fim, amma dole ya ba su magana, sai ya ce cikin ƙunƙuni, "To, ga shi nan ya dawo, ya manta hularsa."

Ita Iya wurin zamanta daban ne. Ba ta fuskantar bango kamar kowa. Can gefe take ajiye kujerarta, kafaɗarta ce ke kallon bangon, sai dai ta riƙa waiwayowa tana jefa maganganunta. Ta ce hasken yana damun idonta. Muka yi ta tsokanarta, wai ita da kunne take kallo, alhali fim ɗin ba ya magana. Ba ta taɓa kula mu ba, kuma ba ta taɓa fashin Juma'a ɗaya ba.

Sai fari ya zo. Damina biyu a jere gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Fulanin da muke sayen nono a wurinsu suka kora abin da ya rage na shanunsu suka yi kudu, rumbunmu ya koma wurin ɓuyan kaji. Maza suka fara tafiya nema, babanmu ma ya ɗaura kayansa ya ce zai je Ikko, zai dawo da ruwan farko. Muka raka shi tasha, ni da Baba Tsoho da ƙannena. Iya ba ta ko leƙo zaure ba. Ta dai ba Innarmu ƙullin ƙuli-ƙuli da garin ɗanwake ta ce a sa wa wancan a jaka, ta koma kan turminta. Innarmu ta ce mini da jirgin ƙasa ya yi kuka taɓaryar ta tsaya a sama, sai da ƙarar jirgin ta ɓace sannan ta sauko.

Majigi bai tsaya ba, Baba Tsoho ya ce ko ba komai yana mantar da yara yunwa. Shi ya karɓi juyawa, ga magana ga juyi, sai mayaƙan Girka su ruga a guje sannan su koma tafiyar masu ciwon baya. Juyawa baya kuwa ya ce ba da shi ba. Jirgi ya tafi ya tafi ke nan, a ɗaga bargo kowa ya watse. A lokacin ne Iya ta gyara kujerarta ta fuskanci bango sosai kamar kowa. Na lura, amma abin da na ɗauka shi ne idonta ya warke. Tsakin da take yi wa tsohuwa mai baƙaƙen kaya ma ta daina.

Wasiƙun babanmu ta hannun wani ma'aikacin jirgi suke zuwa. Ina aji huɗu, ni ce mai boko a gidan, ni ke karantawa ni ke rubuta amsa. Ya ce yana dakon kaya a bakin ruwa, ya ce tekun yana nan sak irin na majigi, sai dai wari. Kowace wasiƙa da abin da yake rufe ta da shi: idan ana bukatarsa a gida, a sanar da shi. Baba Tsoho zai zauna a kan buzunsa ya ce, "Rubuta, amaryata. Bayan gaisuwa mai yawa, kowa lafiya ƙalau." Iya tana can gefe ta ba mu baya tana kaɗin auduga, kamar ba da ita ake ba. Ba ta taɓa cewa a gaishe shi ba, ba ta taɓa tambayar abin da ya ce ba. Sai dai duk lokacin da nake karatu, mazarinta ba ya juyawa.

Ruwa ya dawo, waɗansu mazan suka dawo, babanmu bai dawo ba. Me zai dawo da shi? Aiki yana tafiya, yana aiko da abin da ya samu, kuma duk wata biyu takarda na gaya masa kowa lafiya ƙalau. Alhali ƙafafun Iya sun fara kumbura, daga ɗakinta zuwa madafa sai ta huta sau biyu. Baffa ya kai ta asibitin Gumel, suka ba da magani, suka kira shi gefe suka yi masa magana, ya dawo bai ci abinci ba. Gwaggonmu ta Sule Tankarkar ta zo jinya da kayanta a ɗaure, irin zuwan da ba a sa ranar komawa. Kowa a gidan ya san inda aka dosa. Na tambayi Baba Tsoho ko za a sa a wasiƙa, ya ce, "Namiji yana can yana nema, ba a ɗaga masa hankali. In uwarsa na son ganinsa ai da bakinta." Ya san sarai bakin nan ba zai buɗe ba, shi ma kunyar ce ke cin sa.

Wata Juma'a Iya ta ce a kai ta ɗakin majigi, kuma na ukun kawai take so. Gwaggo da Innarmu suka riƙo ta. Aka yi kallo shiru, har Baba Tsoho bai cika surutu ba. Da jirgi ya zama ɗigo sai muka ji muryarta a cikin duhu.

"Malam, juya shi baya mana."

Baba Tsoho ya gwada, Allah ya sani ya gwada. Sai fim ɗin ya cije, hoton ya tsaya cak a kan tsohuwa a bakin ruwa. Ya yi maza ya kashe fitilar kada ya ƙone.

"Bar shi," in ji Iya. "A ɗaga bargon."

Washegari ranar wasiƙa ce. Baba Tsoho ya gama faɗar kowa lafiyarsa, ya ce in naɗe, ya tafi sallar azahar. Sai na ji Iya daga ɗaki tana cewa, "Ke uwar surutu, zo nan da alƙalamin." Na shiga na durƙusa. Ta dubi takardar da ke hannuna.

"Akwai sauran wuri a takardar?"

Na ce akwai.

"Sa a ƙasa, ki ce tun da aka tafi babu mai dawo da jirgin nan. Matar ta gaji da tsayuwa." Ta ja numfashi. "Kada ki ce wa ya faɗa."

Na fito na zauna a bakin rijiya na rubuta yadda ta ce. Sannan na dubi takardar, haushi ya kama ni. Haushin Iya, da na Baba Tsoho, da na duk manyan gidan da suke kallon juna suna jiran wani ya fara. Na sa alƙalami na ƙara da nawa: "In ji Iya. Kuma ba kowa ne lafiya ba. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya tafiya, an kai ta Gumel an dawo da ita. Ka zo." Na liƙe, na ruga tasha da kaina na damƙa wa ma'aikacin jirgi. A gidanmu yarinya ba ta ƙara ko wasali a kan maganar kakanta. Kwana biyu na kasa riƙewa, na je na faɗa wa Baba Tsoho, na miƙa bayana ina jiran bulala. Ya dube ni ya dube ni, ya ce, "Amaryata, taurin kan nan naki wata rana sai ya kashe miki aure." Bai taɓa ni ba, kuma daga ranar duk jirgin da ya yi kuka sai ya sami dalilin fita ƙofar gida.

Kusan mako uku muka yi a haka. Iya tana ƙara yin ƙasa, ko kunu sai da lallashi. Ni kuwa ina ta lissafin ko wasiƙar ta ɓace, ko ta isa a makare, ko zai zo ya tarar da tabarmin gaisuwa. Ran wata Alhamis, gero ya fara fid da kai, an yi yayyafi da safe, sai ga babanmu ya shigo da akwatin kwano a ka, ya rame ya yi baƙi. Bai ko zauna ba ya wuce ƙofar ɗakin Iya ya durƙusa daga waje ya yi sallama. Na matso kusa don kada komai ya wuce ni. Iya ta juya fuskarta bango ta ce wa Gwaggo, "An zo lafiya? A ba shi ruwa."

Shi ke nan. Wallahi ran nan na yi kuka a bayan rumbu, kukan takaici. Shekara biyu da rabi, da wasiƙata, da bulalar da na yi kasadar sha, duk a kan "a ba shi ruwa". Na yanke a raina Iya ba ta da zuciya, fim ɗinta kawai take so a gyara mata.

Ran Juma'a Baffa ya kawo batir. Iya ta ce a kai ta, kuma duka ukun za a sa. Da aka shigo da ita aka ajiye kujerarta a gaban bango, sai ta ce a'a, a mayar da ita wurinta na da. Aka kai ta gefe, a karkace. Babanmu ya zauna a bayan injin, ya warware inda fim ya cije, aka saki bargo, tar-tar-tar ta fara. Ni saboda fushi na ƙi kallon bango, na zuba wa Iya ido ina hararar ta a cikin duhu.

A nan na ga abin da take kallo. Babanmu take kallo. Hasken gefen injin yana kan fuskarsa, shi idonsa na kan bango, kowa idonsa na kan bango, ita kaɗai ta sami ɗanta ba mai ganinta. Tana bin sa da ido daga hula zuwa wuya zuwa hannun da ke juyi, a hankali, kamar mai duba ƙwarya ko ta tsage. Aka yi yaƙi aka gama, ba ta yi maganar wando ba. Aka fasa farantai, ba ta waiwaya ba. Leɓunanta suna motsi, ban san ko addu'a ba ce ko sunan nan ne da ba ta taɓa faɗa a fili ba. Da jirgi ya taho da baya yara suka ɓarke da ihu, Baba Tsoho ya buɗe baki zai ce ya manta hularsa, sai ya fasa. Sai a ranar na gane duk Juma'o'in nan na baya, babu abin da ya taɓa samun idon Iya.

Aka ɗaga bargo, rana ta shigo. Ta sa gefen mayafi ta goge fuska ta ce, "Hasken nan dai har yanzu bai bar damun idona ba."

Juma'a bakwai ta ƙara samu. Ta rasu bayan an shigo da gero, babanmu yana cikin masu ɗaukar makara, kuma bai sake komawa Ikko ba. Shekaru da yawa bayan haka, da shi ma ya rasu, muka buɗe baƙin akwatin. Finafinan sun narke sun manne da juna, amma a cikin gwangwani na uku ga wasiƙata a ninke, an ja layi da biro a ƙarƙashin "In ji Iya".

Yanzu ina Gumel, na yi koyarwa har na yi ritaya. Finafinan Girkawa kuwa sai wanda ka zaɓa, jikokina suna ɗauko su a waya su haɗa da talabijin, masu launi, masu sauti, wasu har an juya su da Hausa. Na ga ginshiƙan nan da fararen gidajen nan da shuɗin tekun da ban taɓa sanin shuɗi ne ba. Suna da kyau, kuma in ka tambaye ni zan ce a kalle su a gida, a ɗaki ɗaya, da manya da yara, ba kowa ya ƙule da wayarsa ba. Mayaƙan nan dai har yanzu ba su sami wando ba.

Na sha gaya wa ɗalibaina mata cewa kunyar ɗan fari tsohon yayi ce, su kira 'ya'yansu da suna su rungume su. Nawa ɗan farin yana aiki a Abuja, furfura ta fara fito masa, sai da Sallah muke ganinsa. Na yi niyyar kiran sunansa ya fi a ƙirga, harshen ya ƙi. Da Sallar da ta wuce yara suka ja labule suka sa wani fim na jiragen ruwa, shi ya zauna a ƙasa a tsakiyarsu, hasken talabijin a fuskarsa. Na ja kujerata zuwa gefe. Ƙaramar jikata, wadda ta gado bakina, ta dube ni ta ce, "Hajiya, talabijin ɗin fa ga shi can."

Na ce, "Na sani. Hasken ne yake damun idona."